Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Lodi: Wasiƙa Daga Southampton

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da iyali baki ɗaya, na zauna ne in amsa tambayar da kuka yi mini game da tafiyar mako guda da muka yi ni da maiɗakina a jirgin ruwan shaƙatawa, daga nan Southampton zuwa gaɓar ƙasar Norway, tun da kun ce kuna da niyyar gwadawa idan Allah ya kawo ku Ingila. Labarin abinci da ɗaki da farashi zai zo a wata wasiƙar. Abin da ya kamata ku fara sani shi ne maganar lokaci, domin a kansa ne mutum yake iya asarar kuɗinsa gaba ɗaya tun bai taka jirgin ba.

Tikitinmu ya nuna cewa jirgi zai tashi da ƙarfe 5 na yamma, kuma wanda ya saba da tashar mota a gida zai ɗauka cewa idan ya iso biyar saura kwata ya yi sammako. Nan kuwa lokacin tashi na kyaftin ne da ma'aikatansa, na fasinja daban yake. Ƙa'idar kamfanoni ta bambanta, amma galibinsu suna rufe teburin karɓar fasinja awa ɗaya zuwa biyu kafin tashi, kuma da zarar an rufe, ko da jirgin yana ɗaure a gabanka kana ganinsa da idonka, ba za ka shiga ba.

Aikin ma tun a gida yake farawa. Makonni kafin tafiya aka buɗe mana rajista ta intanet, muka shigar da bayanan fasfo da hoto da katin banki da lambar wanda za a kira idan wani abu ya faru, sannan aka ba mu lokacin da za mu iso tasha, wato ƙarfe 1 na rana, tare da takardun da za mu buga mu ɗaura wa jakunkuna. Ita ma rajistar tana da ranar rufewa. Da muka isa, 'yan dako suka karɓi kayanmu tun daga bakin ƙofa, ba ciniki ba jayayya, kuma ba mu sake ganin kayan ba sai da yamma a ƙofar ɗakinmu. Saboda haka fasfo da magani da darduma a hannu ake riƙe su. Aka bincike mu kamar a filin jirgin sama, aka duba takardu, aka ba kowa kati guda wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne na sayayya, shi ne kuma ake latsawa a na'ura duk lokacin da mutum ya shiga jirgin ko ya fita.

Da farko na ɗauki tsananin nan a matsayin taurin kai irin na Turawa, amma da na zauna na lura sai na ga dalilinsa. Jirgin da muka shiga da rana, da asubar ranar ya iso da wasu fasinjojin, aka sauke su, aka gyara ɗakuna, aka loda abinci da mai, kuma a cikin jiragen da ke tashi daga nan akwai masu ɗaukar fasinja sama da 5,000. Akwai kuma matuƙi na musamman daga hukumar tasha wanda yake hawa ya fitar da jirgi ta mashigin ruwan Solent, an tsara masa lokacinsa, kuma manyan jiragen kaya suna bin hanyar ɗaya, kowa da layinsa. Wanda ya ɓata nasa lokacin ya ɓata wa na bayansa.

Babban dalili kuwa shi ne jerin sunaye. Dole ne a rufe lissafin duk wani rai da ke cikin jirgi a miƙa wa hukuma, har ma a Amurka doka ta ce a aika da shi minti 60 kafin jirgi ya bar tasha. Bayan haka sai atisayen ceto, inda kowane fasinja zai je wurin taruwar da aka rubuta masa a kati, a nuna masa yadda ake sa rigar ceto, a ji ƙarar gargaɗi, wato gajerun busa bakwai da doguwa ɗaya. Daga wannan garin ne Titanic ya tashi ranar 10 ga Afrilun 1912, kuma nutsewarsa ce ta haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914. A da ana yarda a yi atisayen cikin awa 24 bayan tashi, har sai da jirgin shaƙatawa na Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, alhali waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba. Daga 2015 aka wajabta yin sa kafin tashi ko da zarar an tashi. Idan ana karɓar fasinja har minti na ƙarshe, ta yaya za a kammala wannan?

A nan ne, Yaya, gida ya faɗo mini a rai, kuma raina ya sosu. Kun tuna hatsarin kwale-kwalen Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, yadda aka yi ta saɓani a kan adadin mutanen da ke ciki, domin babu takardar da ta ƙunshi sunayensu. A kogunanmu fasinja yana iya ɗare jirgi ana cikin ture shi daga gaɓa, mu kuma mu ga an yi masa alheri. A tashar mota ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya tun hantsi har azahar, mutum ya kira direba ya ce yana hanya, a ajiye masa kujera. Ban raina mutuncin da ke cikin wannan ba, domin ni kaina an sha jira na, kuma a nan babu wanda za ka roƙa don Allah ya saurare ka. Sai dai sauran fasinjojin ne suke biyan wannan alherin da lokacinsu, a ruwa kuma wani lokaci da abin da ya fi lokaci. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a 2016 ya nuna cewa mutanenmu suna iya isowa Rigasa ko Idu da wuri idan sun tabbata ba za a jira su ba.

Ƙa'idar ba ta ƙare a ranar farko ba, domin a kowane gari da aka tsaya ana kafa allo a bakin matakala mai nuna lokacin dawowa, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki. A lokacin zafi agogon Ingila daidai yake da na Kano, na Norway kuwa yana gaba da awa ɗaya. A garin Stavanger na Norway, inda jirgi yake tsayawa dab da tsohuwar unguwa mai fararen gidajen katako, ina tsaye a bene na ji ana ta kiran sunayen mutum biyu a lasifika. Can sai wani ma'aikaci ya sauka da ambulan ya miƙa wa wakilin kamfani a ƙasa, aka janye matakala, aka kwance igiyoyi. Tazarar da ke tsakaninmu da gaɓa ba ta wuce faɗin titi ba lokacin da wani dattijo da matarsa suka ɓullo da gudu, ledar tsaraba tana lilo a hannun matar. Dattijon ya tsaya ya dafa gwiwoyinsa yana haki, wakilin ya matso ya ba shi ambulan ɗin, wanda fasfo ɗinsu ne a ciki. Wani ma'aikaci ya gaya mini cewa da yawon da kamfani ya shirya suka bi, da an jira motarsu, amma tun da gaban kansu suka yi, kuɗin otal da na cim ma jirgi a gari na gaba duk a wuyansu yake.

Akwai kuma maganar da ta shafe ku kai tsaye, ku da kuke riƙe da koren fasfo. Bizar Birtaniya ba ta isa ba, domin Norway tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda ta bai-ɗaya, duk da cewa ba ta cikin Tarayyar Turai, kuma idan babu wannan bizar a teburin farko za a mayar da mutum, ko da ya rantse ba zai sauka ko'ina ba, sannan bisa al'ada ba a mayar da kuɗi. Ku fara nemanta tun kuna gida, ku tabbata fasfo yana da sauran aƙalla wata 6, ku kuma sayi inshorar tafiya. Daga tashar Waterloo a Landan zuwa nan tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a jirgin ƙasa, amma kada ku dogara da safiyar ranar, domin gyaran layi ko yajin aiki yana iya tsayar da shi. Ku zo ku kwana a wurinmu, washegari mu ci abincin rana da wuri, ni da kaina zan kai ku bakin tasha kafin lokacin da aka rubuta muku.