Allurar zafi na hawa, mota kuma ba ta ja: sensa ce ko injin ne ya ɗau zafi da gaske?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Camry ɗinka ce ta 1999, mai siririyar fitilar nan, injin 2.2, allurar zafi tana hawa tana sauka, in ka taka totur kuma sai ta riƙa jan jiki, makaniki ɗaya ya ce sensa ce ɗayan ya ce gaskit ne a sauke top, wato kan injin. To don Allah kar ka bari kowa ya taɓa top tukuna, akwai abubuwan da za ka duba da idonka kafin ka kashe ko sisi.

Fara da yadda allurar take motsi. In matsalar sensa ce ko waya, allura tsalle take yi, yanzu tana tsakiya kafin ka ƙifta ido ta kai ja ta dawo, musamman in ka faɗa rami ko ka kunna fitila, kuma ruwan injin ba ya iya zafi ya huce cikin daƙiƙa biyu haka. In zafin gaske ne a hankali take hawa. Ta hau a gosulo ta sauka da ka samu hanya, zargi fanka. Ta hau kana gudu a babban titi ga AC a kunne, to lagireto ya toshe ko wata famfo, wato famfon da ke zagaya da ruwa cikin injin, ya gaji.

Amma ga inda nake ganin mai cewa sensa bai gama bincike ba. Wannan injin sensa biyu gare shi a bakin da ruwa ke fita, mai waya ɗaya ita ke magana da allurar da kake gani, mai waya biyu ita ke kai wa birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, labari. Ta farko in ta lalace allura ce kawai za ta haukace, mota za ta ja lafiya lau. Ta biyu in ta lalace birenbos na iya ɗauka injin da sanyi, ya yi ta zuba mai, sai ka ga baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi ƙirin, mai na ƙarewa da wuri, amma allura tana zaune a wurinta. Kai kuwa duka biyun suka taso maka tare, ka ga kenan da wuya a ce sensa ɗaya ce ta jawo, sai dai ko wayar at ɗin injin, wato wadda ke haɗa shi da jikin mota, ce ta saki ko ruwa ya yi ƙasa iska ta shiga, don iska ma tana sa allura ta yi ta sama da ƙasa.

Shi zafin gaske yana kashe ƙarfin mota da kansa, injin ya fara ƙwanƙwasa sai birenbos ya ja tayimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, baya. Kuma akwai indomi, wato katalis ɗin cikin salansa, in ya toshe hayaƙi ba ya fita, mota ta shaƙe a hawa zafi kuma ya taru, mutane da yawa an sauke musu top a banza saboda shi.

Da sassafe injin na sanyi buɗe murfin lagireto, kar ka kuskura ka buɗe da zafi wallahi yana ƙona fuska. Cika ruwa, tada mota, ka zuba ido. In kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ruwa na raguwa kullum ba ka ga inda yake zuba ba, ga farin hayaƙi a salansa, ko ka zaro sandar baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, to mai cewa gaskit ya yi gaskiya. In babu ko ɗaya, je a sa mata kwamfuta tun injin bai ɗumama ba. Ya kamata ta nuna zafi daidai da na gari, in ta nuna -40 ko lambar P0115 sensa mai waya biyu ce ko soket ɗinta. Bar ta ta yi zafi, in kwamfuta na nuna wajen digiri 90 allura kuma tana kan ja, allurar ce ke ƙarya.

Abu ɗaya da ke min ciwo, za a ce maka a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har injin ya ɗumama, wai ƙasarmu da zafi. Kar ka yarda. A kan digiri 82 take buɗewa, in ta maƙale a sa sabuwa, cire ta na sa injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba ya yi ta shan mai. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla ma tsatsa yake tarawa, a wanke lagireto a zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji, a canza murfin in robarsa ta tsage. Kafin nan in allura ta doshi ja a hanya, faka ka kashe ta kawai. Ka faɗa mana abin da ka gani a bakin lagireton gobe in Allah ya kai mu.