Ina ya kamata jarin farko ya tafi a shagon TCG Card Shop Simulator?

Duk wanda ya buɗe shago a TCG Card Shop Simulator, wasan kwaikwayon gudanar da shagon sayar da katunan wasa da kamfanin OPNeon Games ya fitar a Steam (kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet) a watan Satumba na 2024, jarabar farko da ke samunsa ɗaya ce. Kwalin fakitin Tetramon, wato katunan da ake sayarwa a wasan, ya iso bakin ƙofa, hannu yana ta ƙaiƙayi a farke a ga abin da ke ciki. Kati bakwai ne a kowane fakiti, kuma ana iya dacewa da mai walƙiya wanda kuɗinsa zai biya hayar kwanaki. Sai dai sau da yawa tarkace za ka tarar, waɗanda ko an haɗa su ba su kai kuɗin sarin fakitin ba. Fakitin da ka jera a kanta a rufe kuwa, ka san ribarsa tun kafin mai saye ya shigo. Ni dai a kwanakin farko sayarwa nake yi, in ware kaɗan na farkewa bayan an tashi, tunda farkewar ma tana ɗaga matakin shago, matakin kuma shi ke buɗe sababbin lasisi, wato izinin sayar da wasu kayan.

To, kuɗi sun ɗan taru. Lasisin sabon kaya, ko teburin wasa, ko yaron shago?

Teburin wasa nake sa wa a gaba. Sau ɗaya za ka saye shi, ba ya ƙarewa, ba a sake sarinsa. Mutum biyu su zauna su kara a wasan kati, su tashi su biya gwargwadon zaman da suka yi, kai kana can wajen kashiya kana ƙirga canji. Aibinsa cin wuri, ga shagon farko kamar akurki. Daga baya za ka iya shirya gasa ta wayarka ta cikin wasan, wadda ke ƙara kuɗin zama, amma ita ma tana da kuɗin da ake cire maka kullum. Da tebur ɗaya ko biyu ba ta cika fitar da kanta ba, sai tebura sun yi yawa.

Lasisi shi ne na biyu, kuma a nan ake yawan tafka kuskure. Ba kowane kaya da ya buɗe ne ya cancanci saye nan take ba. Kuɗin lasisi daban, kuɗin sari daban, ga kantar da za a jera shi. Wanda ya kwashe jarinsa ya sayi lasisi uku a rana ɗaya zai wayi gari da kanta fayau, ba kuɗin cika ta, ga haya da kuɗin wuta suna jira. Kafin ka biya, duba tazarar da ke tsakanin farashin sari da na kasuwa, ka ƙiyasta guda nawa za ka sayar kafin uwar kuɗi ta dawo. Lasisin babban kwali mai fakiti 64 maimakon 32 yana rage maka zirga-zirgar ɗauko kaya. Ledojin kati da akwatunan ajiya da 'yan tsana kuma suna sa wanda ya zo sayen abu ɗaya ya fita da uku.

Teburin baje kati ɗaiɗai na wanda ya riga ya tara masu tsada ne. Gurabensa kaɗan ne, kada ka ɓata su da katin sisin kwabo.

Yaron shago fa? Albashinsa kullum ne, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma masu arahar cikinsu sanyin jiki gare su. Ka tsaya da kanka har sai layi ya fara hana ka cika kanta. Haka ma faɗaɗa shago, tunda haya tana tashi tare da shi.

Akwai wani saye da ba ya kawo ko kwabo kai tsaye, amma ina ganin darajarsa: injin fesa turare. Wasu masu sayayya suna shigowa da koren hayaƙi na tashi daga jikinsu, sauran jama'a su yi ta ƙorafi. Da farko da gwangwani za ka bi su kana fesawa, ka bar kashiya mutane na jira (abin dariya ne a karon farko, a karo na goma kuwa haushi). In ka kafa injin a bakin ƙofa ka huta, sai dai ka riƙa tuna zuba masa gwangwani.

Duk wanda ka zaɓa a cikinsu, farashin kasuwa yana motsi kullum, don haka kowace safiya ka zagaya ka gyara kafin ka juya allon buɗewa. Ni nakan ɗora kamar kashi 10 cikin 100 a kan na kasuwa. In na fara ganin mutane suna tsayawa gaban kanta suna cewa ya yi tsada, su juya hannu rabbana, sai in sauko da shi kaɗan.