Sharhi: Yini guda a jirgin katako a gaɓar Zanzibar, da abin da Bazazzagi zai sani kafin ya faɗa ruwa

Wanda ya tashi a Zariya, ruwan da ya sani bai wuce kogin Galma da damina ba, ko dam ɗin Kubanni na cikin jami'a a Samaru, sai kududdufan bayan gari. Duk ruwa ne mai zama wuri ɗaya, ko mai gangarawa gefe guda. Teku ba haka yake ba. Sau biyu yake cikowa ya janye a kwana ɗaya, kuma a Zanzibar tsakanin cikarsa da janyewarsa kan kai kusan mita 4 a manyan kwanakinsa. Wannan shi ke mulkin yawon da zan yi sharhi a kai, ba agogo ba, ba kuma takardar tallan kamfani ba.

Yawon na mashigin Menai ne, kudu maso yammacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, mashigin da aka keɓe don kare halittun ruwa tun 1997. Daga ƙauyen Fumba ake tashi, tafiyar minti 30 zuwa 40 a mota daga tsohon birni, wato Stone Town. Jirgin na katako ne ƙirar gargajiya, da babban ƙyalle mai kusurwa uku da iska ke turawa, da kuma inji maƙale a baya. Mu fasinja 10 ne, ma'aikata 3: matuƙi, wanda suke kira nahoda, da jagoran da ke shiga ruwa tare da mutane, da yaron da ke jefa anka yana yanka 'ya'yan itace. An tsaya iyo sau uku, an ci abincin rana a tsibirin Kwale, an dawo bayan la'asar.

A ganina ya ci kuɗinsa, kuma ƙarancin mutanen ne ya sa. Jagora ɗaya zai iya sa ido a kan kawuna goma a cikin ruwa. Kawuna talatin kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Akwai jiragen da suka fi araha, ana cusa mutane kamar motar Kwangila ranar jajibirin Sallah, kuma ragin da aka yi maka a kuɗi a wajen tsaro ake cire shi.

Kafin ka biya, tambayi lokacin janyewar ruwa na ranar da kake so. Tudun yashin da ake ɗauka a hoto, fari fat a tsakiyar teku, ba ya nan kullum. Sai ruwa ya janye yake fitowa, ya yi 'yan sa'o'i, ruwa ya sake haɗiye shi. Tsakanin cikowa da janyewa awa 6 ne da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin kan matsa gaba da kusan minti 50. Mu da muka saba lissafin wata abin ba zai ba mu wahala ba: kwanakin tsayuwar wata da na sha huɗu zuwa sha shida su ne ruwa ke cika maƙil ya kuma janye sosai, kuma a can janyewar kan faɗo da hantsi, daidai lokacin da jirgi ke isa tudun. A kwanakin bakwai ko ashirin da biyu ga wata motsin ruwan kaɗan ne, tudun na iya fitowa ɗan tsito.

Sai maganar agogo, wadda ta sha sa baƙi rasa mota. Masu jin Swahili daga fitowar rana suke fara ƙirgen sa'a. Ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, ƙarfe 8 kuma ƙarfe biyu. Idan direba ya ce zai zo da "saa mbili asubuhi", ƙarfe 8 na safe yake nufi. A sa shi ya rubuta da lamba a saƙon waya. Kuma Zanzibar na gaban Najeriya da awa 2.

Matsala ta farko tun a bakin ruwa take. Babu gadar hawa jirgi a Fumba. Idan ruwa ya janye, jirgi na can nesa, sai an taka cikin ruwa zuwa gwiwa, wani lokaci har cinya, a kan duwatsun murjani masu kaifi da santsi. A cikin ramukansu akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi, kamar bushiya. Silifas ba ya aiki a nan, ruwa zai zare shi a taku na uku. Takalmin roba rufaffe mai kama ƙafa ake so, irin wanda ba a rasawa a kasuwar Sabon Gari, kuma gara a saye shi a gida. Idan ƙayar ta shiga ƙafa kada a tsaya haƙa da allura kamar ƙayar daji, karyewa take yi a ciki. A jiƙa wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa na rabin awa ko fiye, a cire wadda kanta ke waje da hantsaki. Mutanen wurin farin ruwan ɗanyar gwanda suke shafawa. In ta shiga gaɓa, ko wurin ya kumbura ya fara ruwa, asibiti ya kama. Waya da fasfo da kuɗi kuma a sa su a jaka mai hana ruwa, a ɗora a ka yayin takawar. Kamfanin bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba lokacin karɓar kuɗi, kuma wannan laifinsu ne.

Rigar ceto na nan da yawa a jirgin, sai dai kusan duk girmansu ɗaya, wasu kuma maɗaurinsu ya saki. Wannan ne aibi na biyu, kuma shi ya fi damuna. Gwajin rigar mai sauƙi ne: a ɗaure ta tam, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta haura ta rufe haɓa ko kunne, ta yi yawa, kuma a cikin ruwa haka za ta yi, ta tura fuska ƙasa. Mai tafiya da yara ya nemi a nuna masa rigar yara tun ana kan tudu, mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. In babu, a fasa. Wanda bai iya iyo ba kada kunya ta hana shi faɗa, jagoran na da tayar ceto mai igiya da yake jan mutum biyu ko uku da ita, kuma suna ganin duk abin da gwanaye ke gani.

Tsayawar farko a kan murjani ce, zurfin mita 3 zuwa 5, minti 40. Ana raba tabarau na ruwa mai rufe ido da hanci, da bututun numfashi, da takalmin iyo mai faɗi irin ƙafar agwagwa. A nan yawancin mutane ke ɓata rabin lokacinsu, don ba a gwada kayan a jirgi ba. Ɗora tabarau a fuska ba tare da sa igiyarsa ba, ka ja iska kaɗan ta hanci, ka saki hannu. In ya manne, naka ne. In ya faɗo, canza. Matse igiya ba ya hana yoyo, lanƙwasa robar yake yi ya ƙara shi. Masu gashin baki, ga taku: gashin ne ke ɗaga robar a ƙarƙashin hanci, ruwa ya riƙa tsiyaya. Ko dai a rage shi daga sama, ko a shafa ɗan man basilin. Gemu bai shiga ciki ba. Hazon da ke rufe gilashin kuwa daga ɗumin fuska yake, maganinsa a tofa yawu a ciki tun gilashin na bushe, a murza da yatsa, a ɗauraye sau ɗaya. Abin ƙyama ne a ido, amma yana aiki. Idan ruwa ya shiga bututu, a hura da ƙarfi sau ɗaya kamar mai busa wuta, sannan a ja numfashi a hankali.

Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, saboda haka yana ɗaga jiki fiye da ruwan dam. Wannan ke ruɗin wanda ya iya iyo a gida, ya ga abin ya zo da sauƙi. Abin da bai sani ba shi ne ruwan tafiya yake yi da shi. Kana kallon kifi a ƙasa, ka ɗago kai ka ga jirgi ya koma kamar akwatin ashana. Ka'idar ita ce a dubi inda jirgi ya juya hancinsa bayan an jefa anka, a tambayi nahoda ina ruwa ke ja, a fara iyo ana fuskantarsa tun da sauran ƙarfi, dawowa sai ruwan ya kawo ka. A riƙa ɗago kai duk bayan minti biyu. In ka ga ba ka cin gaba, kada ka yi kokawa da shi. Kwanta rigingine, ɗaga hannu ɗaya, za a zo. Ba a shiga ruwa sai inji ya mutu, ba a kuma zagayawa ta bayan jirgi inda farfela take.

Abin da ke ƙasan ya isa kallo. Kifaye masu zane baƙi da fari garke-garke, da masu baki kamar na aku suna gurgurar murjani har kana jin ƙarar a kunne. Wani ɓangaren murjanin ya mutu ya yi fari ko toka-toka, ba kamar na hoton talla ba. Kada a taka shi, kada a taɓa. Halitta ce mai rai, kuma yankansa na saurin yin ruwa ya daɗe bai warke ba.

Hawa jirgi daga ruwa shi ne aibi na uku. Gefen jirgin na da tsawo, tsanin kuwa matakala uku ne kawai, ta ƙasan da ƙyar ta nutse. Mai jiki ko dattijo sai an jawo shi. A cire takalmin agwagwa tun a ruwa a miƙa sama, a riƙe igiya, kuma kada a tsaya ƙarƙashin mai hawa.

Ga iyaye mata da 'yan'uwa mata: dogon hijabi da zanen atamfa ba kayan shiga teku ba ne. Suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa, hijabin kuma ya taso ya rufe fuska. Akwai kayan iyo masu rufe jiki duka, doguwar riga da wando da hula mai kama kai, na yadi mara shan ruwa, kuma ba wanda zai kalle ki sau biyu, don Zanzibar garin Musulmi ne. A riƙe busasshen hijabi a jaka na fitowa. Babu ɗakin canza kaya a jirgin, babu ban-ɗaki, sai an isa Kwale.

Tudun yashi shi ne tsayawa ta biyu, kuma nan ne wurin yara da masu tsoro, ruwa iya ƙugu, ƙasa sumul. An kafa rumfa, an yanka abarba da kankana da mangwaro, an fasa ɗanyar kwakwa. Rana a nan ba irin ta Zariya ba ce ko a watan Afrilu, don tana dukan mutum daga sama, farin yashi da ruwa kuma su mayar masa da ita daga ƙasa, iska na hana shi jin zafin. Baƙar fata ma na ƙonewa, ta saɓule a kafaɗa da ƙeya bayan kwana biyu. A shafa man kare rana minti 20 kafin fita, a sake bayan kowane iyo, ko a bar riga mai dogon hannu a jiki. A sha ruwa aƙalla lita 2.

Abincin Kwale ya yi daɗi: gasasshen kifi, jatan lande, wani mai ƙafa takwas da suke kira pweza, shinkafa da miyar kwakwa. Yaji kaɗan ne, mai son yaji ya zo da nasa a ƙulle. Sai dai duk jiragen yankin nan suke haɗuwa, ƙaramin rukuninku ya narke cikin taro, da masu tallan zannuwa. Wasu jiragen na raba giya, wanda ba ya so ya faɗa tun wajen biya. A tsibirin akwai wata tsohuwar kuka da ta faɗi ta ci gaba da rayuwa a kwance, Turawa na layin ɗaukar hoto da ita. Bazazzagi dai zai yi murmushi, ya tuna miyar gidansu.

A nan ake sallar azahar. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisin da ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa kuma halal yana cikin Muwaɗɗa. Abin lura shi ne alƙibla. Mun saba cewa a fuskanci gabas, amma Zanzibar na kudu da Makka kusan a miƙe, don haka arewa ake kallo.

Tsayawa ta uku wani tafki ne a cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, kuma sai teku ya ciko jirgi ke iya shiga. Ruwan kore shar, ba igiyar ruwa, minti 20 kawai aka bayar, ya kamata a ƙara. Kifin dolfin da ke cikin talla ba alkawari ba ne, mun hango bayansu sau biyu daga nesa.

Dawowa ake kashe inji a ɗaga ƙyalle, kuma wannan awa ɗayan ya fi komai daɗi idan ciki ya yarda. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu da suke kira kusi na kaɗawa da ƙarfi, da yamma igiyar ruwa kan tashi ta watsa wa na gaba. Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa ce, kaskazi, ga zafi. Afrilu da Mayu ruwan sama ne mai yawa, ana yawan soke fita. Mai saurin jiri a mota ya sha maganin tashin zuciya awa ɗaya kafin hawa, in amai ya riga ya fara ƙwayar ba ta zama a ciki. Ya zauna tsakiyar jirgi, nesa da hayaƙin inji, ya kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya. Tauna ɗanyar citta na taimaka wa wasu. A riƙe 'yan shilin Tanzaniya na ihsani ga ma'aikata, a ba nahoda a hannu ya raba. In an koma masauki a ɗauraye tabarau da agogo da zik ɗin jaka da ruwan famfo a daren, in ba haka ba gishiri zai cinye su kafin a sauka Kano.