Sharhi: Kwana biyar da jagora a Alkahira, saboda babi uku na littafina

Shekara shida ke nan ina fama da littafi guda. Da biro na fara rubuta shi, na kwafe a waya, wayar ta lalace, na sake bugawa daga farko. Kamfanonin ɗab'i biyu sun dawo mini da shi. Na farko ko dalili bai ba ni ba. A na biyun, editarsu ta zaunar da ni ta ce, "Hajiya, babukan Kano da Zariya suna da rai, amma ukun nan na Masar a kwance suke. Kin taɓa zuwa kuwa?" Ban taɓa ba. Jarumar labarin ta bi mijinta, ɗalibin Azhar, zuwa Alkahira, ni kuma iyakar sanina da birnin hotunan intanet ne da hirar waɗanda suka je.

Ƙawayena marubuta sun ce in sake shi a WhatsApp shafi-shafi, a biya a karanta, kamar yadda ake yi tun da takarda ta yi tsada kasuwar littafi ta ja baya. Ban raina wannan hanya ba, mata da yawa da ita suke rufa wa kansu asiri. Ni dai burina in riƙe shi a hannu, da bangonsa, da sunana a jiki. Sai na shiga adashe. Da ɗaukata ta zo, maigida ya cika, muka biya wani kamfanin shirya tafiye-tafiye kuɗin ziyarar kwana biyar a ƙarshen Janairu, don ta dace da baje kolin littattafai na Alkahira, wanda ake yi tun 1969.

Kuɗin ya haɗa da masauki, karin kumallo, mota, jagora da tikitin shiga wurare. Mu goma sha huɗu ne a ayarin. Ta wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi: an tarbe mu a filin jirgi, ɗaki da tsabta, direba ba ya makara, kuma ba a taɓa sa mu haɗa salla don sauri ba.

Ranar dalar Giza ce ta ɓata mini rai. Babbar dalar, ta Fir'auna Khufu, ta haura shekara 4,500, kuma tsayinta na asali ya kai mita 146. In ka tsaya a gindinta, dutsen layin ƙasa kaɗai ya kusa kai maka kafaɗa. Ina so in zauna in dube ta, in rubuta abin da na ji a jikina. Minti arba'in aka ba mu, rabinsa ya tafi wajen ɗaukar hoto da kakkaɓe masu tallar hawan raƙumi. Daga nan aka kwashe mu zuwa shagon takardar bardi, irin wadda mutanen Masar na da suke rubutu a kai, aka zarce shagon turare, muka share kusan awa biyu ana ta buɗe mana kwalabe. Ba a rubuta shagunan nan a jadawalin da aka ba mu ba. Daga baya na fahimci akwai la'ada a kan duk abin da baƙo ya saya. Ba na hana kowa neman abincinsa, amma lokacin nan da kuɗina na saye shi, kuma ya kamata a faɗa mini tun a gida.

Rana ta uku ce ta biya ni. Jagoran ya sauke mu a Babul Futuh, ɗaya daga tsoffin ƙofofin birnin, muka taka da ƙafa ta titin Mu'izz har Bab Zuwaila, ƙofar da aka gina a 1092. A nan na yarda mutumin ya san aikinsa. Ba haddar shekaru yake zubowa ba kawai, yana nuna maka abin da da kanka za ka wuce ba ka gani ba: tagogin katako masu ƙananan huji da a da mata suke leƙen titi ta ciki ba a ganinsu, da gidajen sabil inda a da ake shayar da masu wucewa ruwa kyauta, sama kuma yara na karatun allo. A masallacin Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka fara ginawa a 970 aka fara salla a ciki a 972, ya yi mana bayanin riwaƙai, wato sassan da ɗaliban kowace ƙasa suke zama a da, har da na mutanen Barno. Na tsaya ina kallon wani malami ya jingina da ginshiƙi, ɗalibai sun kewaye shi a ƙasa da littattafansu, kamar dai zauren malam a cikin birnin Kano. A littafina kuwa na zaunar da mijin jarumar a kan kujera kullum, a aji mai allo.

Amma wanda ya fi yi mini amfani a tafiyar nan shi ne tafintan da kamfanin ya haɗa mu da shi, wani ɗalibi ɗan Damagaram. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ce, "Hajiya, abin da kike nema ba ya cikin motar nan. In Alhaji ya amince, gobe da yamma in kai ku gidan wani abokina mai iyali." Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ni a taragon mata, muka ƙarasa da ƙaramar bas. Gani ya kori ji. Matar gidan, 'yar Gusau, ta zura kwando da igiya daga hawa na huɗu, mai shago ya sa mata burodi ta jawo. Can sai na ji ƙarar ƙarfe a titi, ta ce mai sayar da tukunyar gas ne, da sifana yake bugun tukunyar don a san ya iso. Ta ce ta saba da koshari, wato shinkafa da taliya da adas a kwano ɗaya, amma duk mai zuwa daga gida kuka da daddawa take roƙo ya riƙo mata. Sannan sanyi. Na rubuta jarumata tana fifita da dare a watan Janairu, alhali ni da rigar sanyi biyu na kwana, tayil ɗin ɗaki kamar ƙanƙara. Da littafin ya fita a haka, duk wanda ya yi karatu a Masar da ya ajiye shi tun a shafin nan.

Baje kolin littattafan, wanda shi ya sa na zaɓi lokacin, awa uku kacal aka ware masa. Tun 2019 aka mayar da shi sabon wuri a bayan gari, ga cunkoson motoci, ga zaurukan da yini guda ba ya isa a zagaye su. Na dai samu na shafa takardu, na duba ɗinki da bango, na ga irin aikin da nake so a yi wa nawa.

Wanda ke son ganin manyan wurare cikin kwanciyar hankali, ba ya jin Larabci, ko yana tafe da iyaye, wannan tsari zai yi masa daidai, zan kuma ba shi shawarar ya biya. Marubuci kuwa, ko duk mai binciken yadda mutane ke rayuwa, ya nemi jadawali a rubuce kafin ya ba da ko sisi, ya tambayi shago nawa za a tsaya, ya nace a bar masa yini guda babu mota babu ayari, ya kuma tambaya ko akwai tafinta Bahaushe mazaunin garin.

Na dawo da littafin rubutu biyu cike. Wata biyu na yi ina rushe babukan nan uku ina sake gina su, kwandon igiya ya shiga, mai gas ya shiga, fifitar dare ta fita. Na mayar wa editar. Makon jiya ta turo mini gyare-gyare shafi tara, ta ce in gama kafin azumi mu zauna maganar bango.