Fitilar ƙofar mota da ta ƙi mutuwa, da yadda na ga aikin gyara a Amurka

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina so in ba ka labarin wata matsala da motata ta ba ni a hunturun da ya wuce a nan jihar Minnesota, domin aikin wayar mota sana'arka ce, kuma ka sha tambayata yadda masu gyara suke aiki a wannan ƙasa.

Fitilar nan ce ta gaban direba mai nuna cewa akwai ƙofar da ba ta rufu ba. Ta fara kamawa jefi-jefi idan na shiga gargada, daga baya ta zauna daram ko da na bi ƙofofin huɗu na rufe su da ƙarfi, ƙararrawar kuma ba ta yin shiru muddin mota tana tafiya. Fitilar rufin ciki ta ƙi mutuwa ina tuƙi da dare, ƙofofin suka daina kulle kansu, wata safiya kuma na tarar batir ya yi sanyi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yarana biyu da nake ɗauka a kujerar baya, domin fitilar da kullum take kunne ba za ta sanar da ni ranar da ƙofarsu ta kasance a buɗe da gaske ba.

Na fara zuwa gareji. A nan ba a tsayawa kan makanike a ce ya leƙa ya gani. Sai an ba ka rana, kuma akwai kuɗin bincike da za ka biya ko an yi gyaran ko ba a yi ba. Ladan aiki da awa ake lissafa shi, bisa wani kundi da ya ƙayyade awannin da kowane aiki yake ci. Sun rubuta mini kiyasi a takarda, suka ce za su canza makullin ƙofar gaba ɗaya, domin a motocin zamani ɗan makunnin da ke gane rufewar ƙofa yana cikin makullin ne, ba a jikin dogaran ƙofa yake ba kamar maɓallin nan mai rigar roba na tsofaffin motoci. Ban ga laifinsu ba, tunda suna ba da garanti a rubuce, amma na lura cewa ba wanda ya yi tunanin buɗe makullin ya duba abin da ya same shi. Hannun ma'aikaci ya fi kayan tsada, saboda haka canzawa ta fi musu sauƙi a kan gyarawa.

Ta fuskar kaya da bayani kuwa, gaskiya sun yi mana nisa. Tun daga motocin 1996 doka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota da ake sayarwa a Amurka soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II, kuma manyan shagunan kayan gyara irin su AutoZone suna jona na'urarsu su karanta maka kyauta, har su ba ka aron kayan aiki idan ka ajiye kuɗin jingina. Sai dai ƙananan na'urorin matsalar inji kawai suke gani, maganar ƙofa kuwa tana wurin wata kwamfuta dabam mai kula da fitilu da makullai. Haka kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta tarayya, NHTSA, tana da shafin intanet da za ka saka lambar jikin motarka mai haruffa da alƙaluma 17, ka ga ko kamfani ya yi kiran a mayar da irinta don gyara kyauta. Na duba, tawa ba ta ciki.

Daga nan na bi hanyar da na ga kana bi. Na buɗe ƙofofin duka, na tura harshen kowane makulli da sukudireba har ya yi ƙas sau biyu kamar an rufe, ban manta da but ba domin shi ma yana kunna wannan fitila. Ina girgiza harshen ƙofar direba sai na ga fitilar tana ƙiftawa, sauran kuwa ko gezau. Kafin in ɗora wa makunnin laifi na janye robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi suke karyewa saboda yawan buɗewa da rufewa, na ja su ɗaya bayan ɗaya, na same su lafiya. Sai na fesa man wanke makunni a cikin makullin, na buɗe na rufe kamar sau 20, fitilar ta mutu.

Mako biyu kawai ta yi ta dawo, ranar da sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. A nan ne na gane bambancin ciwon. Ku ƙura ce take haɗuwa da giris ta daskarar da makunni, nan kuwa gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara ne yake shiga da ruwa ya ci ƙarfe, sanyi kuma ya sandarar da giris ɗin. Wani abokin aikina ya ce in cire fis ɗin ƙararrawar ko in haɗe wayoyin makunnin biyu kwamfuta ta ɗauka ƙofa a rufe take har abada, kuma na san a gida ma akwai masu yin haka. Ban yarda ba, kuma ina roƙonka kada ka yi wa kowa, domin mai motar zai tafi yana murna alhali an kashe abin da zai gargaɗe shi.

A ƙarshe na je wata makabartar motoci, irin wadda kake shiga da kayan aikinka ka kwance abin da kake so da hannunka ka biya a bakin ƙofa. Na samo makulli daga mota irin tawa, na gwada makunninsa da mita tun a can, na ga yana haɗawa yana yankewa daidai, na ɗaura shi cikin yini guda. Tsohon kuma na fasa shi don in gani da idona: makunnin bai fi ƙwayar wake ba, ƙafafunsa biyu sun yi kore shar da tsatsa, sauran makullin kuwa lafiyarsa lau. Na tabbata da a hannunka ya faɗo, da ka kankare shi ka mayar cikin rabin awa. Na ajiye shi tare da wata na'urar bincike mai karanta kwamfutar ƙofofi, zan ba mai tahowa ya kawo maka, domin ita tana nuna ƙofar da ke da laifi tun kafin a kwance ko noti ɗaya.