Hattara da mai tallar ƙwan ƙyanƙyasa masu launi

Jama'a, musamman 'yan'uwa masu kiwon kaji a bayan gida, ku buɗe ido. Akwai wani da ke yawo a shafukan sada zumunta da hoton tire cike da ƙwai: shuɗi, kore, ruwan hoda, har da baƙi wuluk. Wai na kajin waje ne, a tura kuɗi duka ya aiko. Ni na tura. Ƙwai 12 ya aiko min, shuɗaye gwanin sha'awa. Biyar suka yi baragurbi, bakwai suka ƙyanƙyashe, huɗu mata. Na yi ta ɗawainiya da su har wata shida, ranar da ta farko ta saka ƙwai sai ga shi fari fat. Na kira lambarsa, a kashe.

Lokaci shi ne mafakar wannan damfara. Kwanci kwana 21 ne, sagara kuma sai ta kai wata biyar zuwa shida kafin ta fara ƙwai. Kafin asiri ya tonu, mutumin ya canza suna ya ci gaba da harkarsa.

Abin da ya fi ci min rai, shaidar, wato ɓawon ƙwan, tana hannuna tun ranar ƙyanƙyasa, na share ta na zubar. Shuɗin gaske ba shafe ba ne. Wani sinadari ne mai suna biliverdin da ke shiga ɓawon tun ana gina shi a cikin kaza, don haka in ka fasa ƙwan ka ɓare tantanin ciki, za ka tarar cikin ɓawon ma shuɗi ne. Na rini kuwa cikinsa fari. Launin ruwan ƙasa shi ne jikin kaza ke shafawa a waje daf da sakawa, shi ya sa cikinsa fari ne ko da na gaske ne. Kore kuma ɓawo shuɗi ne da aka lulluɓe da ruwan ƙasa. Launukan ke nan, sauran duk bambancin haske da duhu ne. Baƙin ƙwan da yake dangantawa da Ayam Cemani ta Indunusiya ƙarya ce tsagwaronta: kazar baƙa ce har nama da ƙashi, amma ƙwanta fari-fari ne.

Kajin da ke yin shuɗi suna nan, ba tatsuniya ba ce. Akwai Araucana mai asali daga Cile, da Ameraucana da aka samar a Amurka a shekarun 1970, da Cream Legbar ta Ingila. Marans ta Faransa ita ke yin ruwan ƙasa mai duhu. Shi wannan mutumin sunayen kawai ya haddace. Na tambaye shi zakaran da ya hau kajin, ya ce "duk iri ɗaya ne", ni kuma zumuɗi ya hana ni tsayawa.

Wannan tambayar ita ce mai muhimmanci, ko da mai sayarwa ba ɗan rini ba ne. Launin ɓawo na uwa ne, tsakon da ke ciki kuwa gadon uwa da uba ya ɗauko. In uwar ta gaji shuɗi ta ɓangare ɗaya kawai, zakaran kuma ba shi da shi, to kusan rabin 'ya'yanta mata ba za su yi shuɗi ba. Mai gaskiya zai faɗa maka haka da bakinsa.

Yana kuma tallar wani gari, wai a zuba a abinci kaza ta koma yin shuɗi. Abinci na iya sa gwaiduwa ta yi ja, amma ba ya mai da farin ɓawo shuɗi. Zancen cewa shuɗin ƙwai magani ne, shi ma tallar banza ce, cikin ƙwai duk iri ɗaya ne.

Kada ku yi cinikin biri a sama. Ku ce ya nuna muku uwar da zakaran a bidiyo kai tsaye, ya fasa ƙwai ɗaya a gabanku ya juyo cikin ɓawon. Makon jiya na sake ganin hoton tiren nan a wani sabon shafi, da wata lambar daban.