Faifan SSD ɗina bayan shekara huɗu: ya fara yi wa bulo ritaya

Shekara huɗu ke nan ina aiki da wani faifan SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, mai gigabait 500, kuma ba na tausaya masa. Aikina haɗa bidiyo ne, kullum rubuta, goge, sake rubutawa. Watannin baya na buɗe manhajar CrystalDiskInfo don duba lafiyarsa, sai na ga layi mai lamba 05 a bayanan SMART (rahoton da faifan ke bayarwa kan lafiyarsa), layin da ke ƙirga wuraren ajiya da aka rufe aka maye gurbinsu da na sifiya, wanda tun ranar da na saye shi yake kan sifili, ya koma 3. Gabana ya faɗi.

Ashe faifan aikinsa yake yi. Ma'ajiyar da ke cikinsa, wadda ake kira NAND, a rarrabe take bulo-bulo, kowane bulo da shafuka a ciki, kuma ba a iya goge shafi ɗaya sai an goge bulon gaba ɗaya. Kowace gogewa tana ɗan cinye siririn rufin da ke riƙe cajin lantarki a cikin ƙwayoyin da ke ajiye bayanan. Irin TLC, mai ajiye bit 3 a ƙwaya ɗaya, ba ya jure gogewa kamar tsohon SLC mai bit 1. To, kanturolar faifan, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi, ce ke yanke hukuncin ranar da bulo zai ajiye aiki. In gogewa ko rubutu ya ƙi, babu gardama, ta rufe shi. Inda wuyar take shi ne bulon da har yanzu yake karantuwa, amma kurakuransa sun kusa fin ƙarfin tsarin gyara na ECC. Ta yi gaggawa, ta ƙarar da bulon sifiya a banza. Ta yi jinkiri, wata rana hoton wani ya tafi. Ga kuma wani abu: ba duk kuskure ne tsufa ba. Bayanan da suka daɗe a kwance cajinsu na yoyo, sake rubuta su kawai ya wadatar, bulon lafiyarsa ƙalau.

Nawa dai ya zaɓi yin sammako, kuma a nan ya burge ni. Na kwafe komai zuwa wani faifai, na gwada fayil-fayil, ko ɗaya bai lalace ba. Layin kurakuran da suka gagari gyara yana nan kan sifili.

Abin da bai yi mini daɗi ba, shiru ya yi abinsa. Da ban leƙa ba, da har yau ban sani ba. Kuma in ya cika maƙil yakan yi nauyi, shi ya sa nake bar masa wajen kashi ɗaya cikin biyar fili.

Yanzu duk farkon wata nakan rubuta lambar a takarda. Ukun ba ta dame ni ba, saurin hawanta nake sa wa ido. Wata biyar ke nan tana 3. Ranar da na ga ta yi tsalle sau biyu a jere, zan mayar da shi ma'ajiyar wasanni in sayi wani na aiki.